Kuben Ƙafar Baba Kure

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Wuse ta ƙofar da 'yan tasi ke sauke mutane, in ya bi layin masu takalma ya karya hagu, zai tarar da wasu rumfuna biyu manne da juna kamar an yi musu dole. Ɗaya tawa ce, ni Saleh mai wankin hula. Ɗayar ta Yamusa baduku ce. Shi Bakano, ni Bazazzagi, kun ga kuwa ba sai an gaya muku yadda muke wuni ba. Shekara da shekaru ban taɓa ce masa ina kwana ban haɗa masa da "bawana" ba, shi ma bai taɓa bari ta faɗi ƙasa ba. To bana wasan ya mutu, kuma ƙafar wani manomi ce ta kashe shi. Labarinta zan ba ku, amma sai kun fara sanin mutumin.

Yamusa ɗan majema ne. A bakin ramukan jima ya buɗe ido, cikin birnin Kano, inda ake jiƙa fata a ruwan toka, a kankare gashinta, a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa a yi ta juyawa har ta ƙoshi, sannan a shafe ta da mai a shanya. Aiki ne mai albarka, amma yana da wari, kuma warin ba ya tsayawa a majema. Yana bin mutum gida, ya shiga rigarsa, ya kwana a ƙarƙashin farcensa. Ya taɓa gaya min cewa a firamare, in ya zauna a benci, yara sai su matsa gefe suna toshe hanci. Yana dariya ya faɗa, amma ni na san dariyar da ba ta kai ciki ba. Da ya tasa sai ya gudu daga ramin, ya koyi dukanci wurin kawunsa, lokacin da ma'aikatu suka yi ta kwararowa Abuja shi ma ya ɗauko basillarsa da almakashinsa ya biyo su. Yayansa Yahuza ne ya tsaya a majema, shi ke aiko masa da fata a motar Kano.

Abin dariyar, warin da ya gudo wa da shi yake cin abinci. Kuma kada ku kuskura ku taɓa fatar bagaruwa a gabansa, wallahi sai kun rasa sallar la'asar a jam'i. Ni dai na ji huɗubar nan har na haddace. Zai ɗauko gutsure ya tsoma a ruwa, ya naɗe shi a kan wuƙa ko kwalba, ya ce a dawo gobe. In aka dawo, ta bushe da siffar abin, ko an cire ba ta mantawa. Mahautan kasuwar nan duk shi ke musu kube, don sun gane wuƙa ba ta tsatsa a ciki. Takalminsa in ka saya yau yana da tauri, ka zage shi a ranka, amma bayan wata guda ya koyi ƙafarka, ba ya kuma yarda da ta wani. Fatar tana shan gumi ta fitar, ba ta sa ƙaiƙayi, in ta tsufa sai ta yi ja kamar dabino maimakon ta ɓare. Duk wannan gaskiya ne, don takalmin da ke ƙafata ya girmi autata.

Amma Abuja ba ta son jira wata guda. Wani oga zai zo daga ministiri, wato ma'aikatar gwamnati, da makullin mota a hannu, ya ɗaga jaka ya kai hanci, ya yamutsa fuska ya ce, "Malam, ba ka da mai laushi? Wannan tana ɗan wari." Yamusa sai ya yi murmushi ya ce akwai. Bayan mutumin ya tafi, sai in gan shi ta wutsiyar ido yana sunsuna tafin hannunsa. Da haka ya fara zuwa unguwar Idu, wani kamfani da ke yin kujerun ofis da na mota, yana sayen ragowar fatar da suka yanka suka bari. Ita kam sai ka rantse atamfa ce don laushi, launi kala-kala, an shafe fuskarta da wani abu mai sheƙi kamar leda, ba ta warin komai. Da ita yake wa mata jaka da rigar wayar hannu. Sai dai ya sa wa kansa doka, kuma ya sha faɗa a gabana: "Ta Idu ta ido ce, Bazazzagi. Abin da zai kwana a jikin mutum, bagaruwa."

Baba Kure kuwa 'yarsa ce ta kawo shi. Janet sunanta, tana shara a wata ministiri, ta kawo gyaran hannun jaka ta tarar ana naɗe wuƙa da jiƙaƙƙiyar fata. Ta tsaya tana kallo, can ta ce ko ana iya yi wa mutum haka. Muka kalli juna. Asabar ta zagayo sai ga ta da wani dogon dattijo baƙi, kai duk furfura, yana tafiya yana ɗan jefa ƙafar hagu. Manomin doya ne a Yangoji, can hanyar Lokoja, asalinsa kudancin Kaduna. Tun yana saurayi babbar mota ta kife da su, aka yanke masa ƙafa ƙasa da gwiwa. Wani asibitin mishan ya yi masa ta katako da ƙarfe, da wani kofin fata a sama inda dungulmin ke shiga. Kofin ya mutu tuntuni, sai tsummokara yake cusawa.

Yamusa ya duba ya juya, ya ce, "Ai wannan kube ne, Baba. Wuƙar ce kawai ta bambanta."

Dattijon ya yi dariya har yana buga benci. Bencina ne, ku lura. Bahon da aka jiƙa fatar ma nawa ne, na wankin hula, an ɗauka ba sallama. Na yi faɗa, babu wanda ya kula ni. Yamusa ya durƙusa ya naɗe fatar a kan dungulmin, yana bi da manyan yatsunsa yana dannawa, inda ƙashi yake ya sassauta, inda nama yake ya matse, sannan ya ɗaure da tsohon rawani ya ce a zauna. Aka zauna ana hira har fatar ta fara kamawa. A nan ne Baba Kure ya dafa gwiwarsa ya gaya mana abin da shi ke nan dukiyarsa.

"Likitan da ya yanke ni ya bar mini wannan, Allah ya yi mishi albarka. Mai gwiwa yana durƙusawa, yana hawa tudu, yana kama garma. In babu shi, ni da gona sai kallo. Don haka ka lallaɓa mini wurin nan, Malam."

Ya kuwa lallaɓa. Tun daga ranar, duk shekara in an haƙe doya sai ga Baba Kure da buhun doya a bayan tasi, a duba kube, in na gyara ne a gyara, in na sauyawa ne a sauya. Ni ma ana ware min manya biyu, ina cewa ladan bahona ne. Mutumin nan bai taɓa kuka da ƙurji ko ƙaiƙayi ba. Yana wuni a gona cikin rana, ya dawo ya cire ƙafar ya jingine a bango, kafin safiya kuben ya sha iska ya bushe. Yamusa yana yi wa manyan mutane aiki, amma in ka tambaye shi wane aiki ya fi alfahari da shi, ba zai ce maka jakar wani darakta ba.

Bana, ana saura kaɗan bikin Ista, lokacin da zafin Abuja ke dafa mutum a tsaye, sai ga Baba Kure ba buhu, ba kuma lokacinsa ba. Janet za ta yi aure. Yaron ma'aikacin banki ne, danginsa 'yan Gwarinpa, unguwar masu hali, kuma uban amarya ne zai riƙe hannunta ya shiga da ita coci a gaban kowa. Muka yi masa murna, na ce Allah ya sa a kira Zagezagi a manta da Kanawa. Sai ya matso kusa da Yamusa ya rage murya, amma rumfunanmu ba su da sirri.

"Malam, a yi mini sabo. Amma ka yi haƙuri fa, ba raini ba ne. Sabon fatan nan yana wari kafin ya kwana biyu. Za a zaunar da ni a babban tebur kusa da surukai. Kada su ce baban amarya yana warin majema."

Wallahi da ya san inda ya taɓa, da bai faɗa ba. Na ga fuskar Yamusa ta sauya, ya yi irin murmushin nan da yake yi wa ogogin ministiri, ya ce, "Babu wanda zai toshe maka hanci, Baba. Bar ni da shi."

Kuben ya yi shi da bagaruwa kamar kullum, ya auna, ya ɗaure, ya bushe. Sannan ya tafi Idu da kansa ya zaɓo wata fata ruwan goro, mai laushi kamar kuncin jariri, ya lulluɓe kuben da ita ciki da waje, ya bi bakin da ɗinki siriri, ya rufe warin ruf. Ya ce wannan ita ce gudummawarsa ta biki. Maganar gaskiya abin ya yi kyau. Ranar da Baba Kure ya zo karɓa, ya zura dungulmin ya miƙe, ya yi taku zuwa bakin layi ya dawo, sai ga hawaye a idon dattijo.

"Kai! Kamar na sa ƙafa a cikin auduga. Tun da aka yanke ni ban taɓa jin daɗi haka ba. Malam, me zan ce maka?"

Ya kama hannun Yamusa da hannu biyu ya ƙi saki. Da zai tafi, har ya kai rumfar mai agogo, Yamusa ya miƙe ya ƙwala masa kira.

"Baba Kure!"

"Na'am, Malam?"

Na ga bakin Yamusa a buɗe. Can sai ya ce, "A gai da amarya."

A lokacin ban san abin da ya haɗiye ba, sai daga baya ya gaya min. So yake ya ce: wannan ta biki ce kawai, ana gamawa ka dawo in ɓare ta, kada ka shiga gona da ita. Magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba. Amma ta yaya za ka ba mutum kyauta, yana kuka don murna, ka ce masa kyautar tana da illa? Kunya ta kama shi. Ya ce a ransa zai faɗa a wurin liyafa. Ya kuwa je liyafar, ya dawo yana ba ni labari: Baba Kure ya yi rawa har ana masa liƙi, ya ɗage ƙafar wando a gaban surukai yana nuna musu, yana cewa ga aikin abokinsa, ga shi can zaune. Aka yi ta tafi. A nan ma ina wurin faɗa?

Ruwa ya sauka. Duk wanda ya san manomin doya ya san ba ya zama da damina. Yamusa yakan ɗago kai daga ɗinki ya ce, "Ya kamata in kira Janet." In ce to kira mana, ba da bakina za ka kira ba. Ya ce sai an jima, yanzu tana wurin aiki. Gobe ya ce yau Lahadi suna coci. Jibi ya ce ai da akwai matsala da sun zo. Ni ban san dalilin kiran ba, na ɗauka gaisuwa ce, shi ya sa ban matsa ba. Shi kuwa ya sani. Ya san fatar nan ba ta shan gumi, taruwa yake yi a ciki kamar ruwa a leda, in ta jiƙe sai ta saki ta yi tattara, tattarar kuma ta yi ta gurzar wuri ɗaya. Duk ranar da ya ƙara bai kira ba, kiran sai ya ƙara nauyi, don yanzu sai ya bayyana dalilin da ya sa bai faɗa tun farko ba.

Cikin watan Agusta, ana yayyafi, Janet ta shigo layinmu da buhu a hannu. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ajiye buhun a kan teburinsa ta ce, "Baba Yamusa, Baba yana asibiti a Gwagwalada. Ƙafan ya yi ciwo. Ya ɓoye mana, sai da zazzaɓi ya kayar da shi a gona. Likita ya ce yana da suga, shi ya sa ciwon ya ƙi warkewa. Suna wanke mishi. Ya ce in kawo maka wannan ka ajiye, kada yara su yi wasa da shi."

Ba ta zarge shi da komai ba, ba ta ma san akwai abin zargi ba. Bayan ta tafi ya buɗe buhun. Ni da ke gefe sai da na kau da kai. Fatar nan mai ruwan goro ta yi baƙi a ciki, ta ɓaɓɓare, ta tattare wuri guda, ta sha abin da ba gumi kaɗai ba. Ya sa almakashi ya ɗaga ta. A ƙarƙashi bagaruwar tana nan lafiya lau, ko tabo babu, sai dai an raba ta da jikin da aka yi ta dominsa. Ya zauna a ƙasa, a cikin jiƙar, ya gaya min komai.

Na ce masa, "Kai, Bakano, ka ji dai likita ya ce suga."

Ya ce, "Sugan bana ya same shi? Shekarun nan duk da sugan yake noma."

  Mai yiwuwa ciwon zai zo ko da me aka yi kuben, Allah ne masani, na kuma faɗa masa haka ya fi a ƙirga. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, in na sa kaina a wurinsa, ni ma abinci ba zai wuce min ba.

Abin da ya ba ni haushi shi ne abin da ya biyo baya. Mutum ya yi kuskure, to, ɗan Adam ne. Sai ka tashi ka hau mota ka je Gwagwalada, ka tsaya a gaban gadon ka ce ga ni. Ina! Yamusa ya tura ƙafar ƙarƙashin teburi ya rufe da buhu. Wayarsa in ta yi ƙara ya ga sunan Janet, sai ya kife ta ya ci gaba da ɗinki. Na ce ba ni in ɗauka, ya ƙi. Na ce ba ni lambar, ya ce in fita harkarsa. Na zage shi zagin wasa, shiru. Na zage shi na gaske, shiru. Mutumin da in na ce masa bawana sai ya tashi tsaye ya karanto min tarihin kakannina, yanzu sai ya ce, "Ina kwana, Malam Saleh." Malam Saleh! Ranar da ya fara kirana haka, wallahi sai da na shiga bayan rumfa na share ido. Ya rame, hularsa da nake wankewa ta fara yi masa yawa. Ragowar fatar Idu ya tattara ta ya ba wani mai gyaran kujera, mata suna zuwa neman jaka mai launi yana cewa babu.

"Ba zan je masa hannu biyu ba," in ji shi. "Sai na gyara abin da na ɓata. In na je da ƙafarsa a hannuna, zan iya kallon idonsa."

Ya kira yayansa Yahuza ya ce yana son fata ɗaya, wadda ba a yi gaggawar fitar da ita daga rami ba, komai daɗewar da za ta yi. Aka daɗe kuwa. Da ta iso ya shimfiɗa ta a rana yana shafawa kamar mai lallashin yaro. Babu dungulmin da zai naɗe, sai ya cika tsohon kuben da yumɓu, ya bari ya bushe, ya fasa kuben ya fito da siffar, a kanta ya naɗe sabuwar. Inda ya san ciwon yake ya buɗa wurin ya yi masa ɗaki. Ya goge bakin da ƙashi har ya yi santsi, ya sauya maɗaurin da ke zagaya saman gwiwa, ya kankare tsatsar ƙarfen, ya shafe katakon da mai. Na ga ayyukansa da yawa, ban taɓa ganin kamar wannan ba. Ya gama, amma sai ya fara neman abin ƙarawa. Yau ɗinki bai miƙe ba, gobe bari ta ƙara shan iska. Janet kuwa ta gaji ta daina kira.

Da na ga har an fara kawo sabuwar doya kasuwa yana nan yana goge abin da ya riga ya gogu, sai na rufe rumfata ranar wata Asabar, na tsaya a kansa na ce, "Tashi. Ko ka ɗauko ta mu tafi Yangoji, ko in ɗauka in tafi ni kaɗai in ce ka mutu." Ya kalle ni ya ga ba wasa a fuskata. Ya naɗe ƙafar a sabon yadi ya rungume. Muka hau mota zuwa Gwagwalada, muka sauya wata. Duk hanyar leɓensa na motsi yana bitar abin da zai faɗa.

Gidan ba wuyar samu, kowa ya san shi. Muka tarar da Baba Kure a gindin mangwaro, zaune a kujerar roba, an rufa masa zane daga ƙugu zuwa ƙasa, ga wasu sandunan asibiti guda biyu jingine da bishiyar. Ya zube sosai. Amma yana ganinmu fuskarsa ta washe.

"Malam! Ashe kana da rai? Na ce wa Janet ko dai ba ka da lafiya ne. A kawo musu ruwa!"

Yamusa bai jira ruwa ba. Ya zube a gabansa, bitar da ya yi a mota duk ta watse, ya faɗi maganar yadda ta zo. Ya ce ya san fatar ba ta gona ba ce tun ranar da ya ɗinka ta. Ya ce ya kira shi a kasuwa don ya faɗa, ya kasa. Ya ce ya ga kiran Janet yana kallo ya ƙi ɗauka. "Ni na cuce ka, Baba. Da sanina. Ka yafe min don Allah."

Dattijon ya dube shi. Sannan ya ce, "Malam, ni ma tun sati na biyu na ji yana ƙona ni. Matata ta ce in mayar maka. Na ce yaya zan mayar wa mutum kyautan da ya yi mini, in ce ba shi da kyau? Na ce zai saba. Ka ga, kai ka yi shiru, ni na yi shiru. Tashi, ƙasan nan da sanyi."

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina, na ce alhamdulillahi, an wuce wurin. Yamusa ya share fuska da hannun riga, ya jawo yadin da sauri ya warware, ya miƙa da hannu biyu.

"Na yi maka sabo. Bagaruwa zalla, babu abin da ya shiga tsakani. Na bar wa ciwon wuri. In ya gama warkewa sai mu gwada, in ya matse in buɗa. Kafin ruwan baɗi kana gona, in sha Allahu."

Baba Kure ya karɓa ya ɗora a cinyarsa. Ya bi ɗinkin da yatsa, ya leƙa ciki, ya kai hanci ya shaƙa ya lumshe ido. Ya ce, "Kai, wannan ya fi duka." Sai ya kalle ni, ya kalli Yamusa, ya ce a hankali, "Janet ba ta same ka ba ke nan."

Ya kama bakin zanen ya ɗaga. Babu gwiwa. Cinyar ta ƙare a tsakiya, an naɗe ta da farin bandeji.

 Matarsa ta kawo ruwa ta ajiye ta koma, babu wanda ya taɓa. Yamusa yana durƙushe, hannayensa a buɗe a kan cinyoyinsa, yana kallon wurin da babu komai. 

Baba Kure ne ya fara motsawa. Ya miƙa hannu ya jawo sandunan nan ya ajiye a gaban Yamusa. Robar da ke samansu ta tsage, ƙarfen ya fito.

"Wannan abin yana cin hammatana, Malam. Duk ya saɓule mini. Na sa tsumma, yana zamewa. Ko za ka naɗe mini da fatan nan naka? Shi ba ya ƙona mutum."

Yamusa ya dubi sandunan, ya dubi kuben. Wata fatar ba mu zo da ita ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa, ya karɓi ƙafar daga cinyar dattijon, ya nemi bakin zaren ya fara farke ɗinkin. Hawaye na ɗiga a kan fatar, bai tsaya sharewa ba.

"Malam Saleh," ya ce, bai ɗago ba, "roƙo mana baho a cikin gida, a zubo ruwa."

Na tashi na tafi roƙon baho.